Zagi a Garin Baƙi: Yadda Wasannin Intanet Suka Yi Ta Neman Ladabi

A watan Agusta na 1997, ana saura 'yan makonni a buɗe wasan Ultima Online ga jama'a, mai wasan da kansa, Richard Garriott, ya shiga duniyar da ya ƙirƙira domin ya yi wa masu gwajin wasan jawabi. Ya shiga ne da sunan Lord British, sarkin ƙasar, wanda bisa ƙa'ida babu makamin da ke kama shi. Sai dai babbar kwamfutar da ke ɗauke da wasan ta ɗauke ta dawo gabanin taron, kuma aka manta ba a mayar wa sarki da kariyarsa ba. Wani ɗan wasa mai laƙabin Rainz ya jefa tsafin wuta inda sarkin yake tsaye, sai ga Lord British a ƙasa, matacce, a gaban talakawansa. Wuri ya yamutse. Ma'aikatan Origin, kamfanin da ya ƙera wasan, suka saki dodanni a kan taron, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba suka yi ta mutuwa. Daga baya aka kori Rainz, kamfanin ya ce laifinsa shi ne yawan cin gajiyar kurakuran wasan ba tare da ya kai rahoto ba.

Har yau 'yan gem na ba da wannan labari cikin nishaɗi, amma a cikinsa akwai matsalar da ta hana masu ƙera wasanni barci sama da shekara arba'in. Idan aka tara dubban mutane a wuri guda, fuskokinsu a ɓoye, sunayensu na aro, wa zai hana wani cin mutuncin wani? An gwada limami, an gwada ƙuri'a, an gwada kotu, an gwada toshe baki gaba ɗaya. Abin da tarihin ya fi nunawa shi ne, halin ɗan wasa yana bin tsarin wurin da aka ajiye shi, musamman idan ya san ko zai sake haɗuwa da wanda ya zaga ko ba zai sake ba.

Tushen abin yana Jami'ar Essex a Ingila. A 1978 wani ɗalibi, Roy Trubshaw, ya fara rubuta wani wasa mai suna MUD a kan babbar kwamfutar jami'ar, abokinsa Richard Bartle ya karɓa ya faɗaɗa shi. Babu hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla: mutum ya rubuta cewa ya nufi arewa, kwamfuta ta ba shi labarin abin da ya tarar. 'Yan wasan kaɗan ne, yawancinsu sun san juna. Wanda ya kai ƙololuwar matsayi sai a naɗa shi matsafi, a ba shi ikon sa ido a kan sauran. Shugabanci daga cikin jama'ar yake fitowa. Duk da haka Bartle ya lura da wani rukuni da ba ya gushewa. A wata maƙala da ya wallafa a 1996 ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman nasara, masu yawon bincike, masu son hira, da kuma waɗanda daɗinsu shi ne su ɗora ƙarfinsu a kan wasu. Ya yi gargaɗin cewa idan na ƙarshen suka yi yawa, masu son hira ne za su fara tattara nasu-ya-nasu su bar wurin.

A 1986 kamfanin Lucasfilm ya fara gwajin Habitat, wani gari mai hotuna da ake shiga da ƙaramar kwamfutar Commodore 64 ta layin tarho. Masu ginin, Chip Morningstar da Randy Farmer, sun saka bindigogi a ciki, kuma ana iya fizge kayan mutum a gudu. Nan da nan gardama ta ɓarke tsakanin mazauna garin: shin harbe surar mutum a wasa kisa ne ko wasa? Aka ji ra'ayin jama'a, suka rabu biyu kusan daidai. Sulhun da aka yi shi ne a hana sata da harbi a cikin gari, wanda ya fita daji kuwa ya san inda dare ya yi masa. Wani ɗan wasa, wanda a zahiri limamin cocin Orthodox na Girka ne, ya buɗe wurin ibada a cikin wasan, ya haramta wa mabiyansa ɗaukar makami da sata. Mazauna garin har zaɓen shugaban 'yan sanda suka yi, tun ba a yanke irin ikon da za a ba shi ba. Darasin da masu ginin suka rubuta a 1990 shi ne, ba zai yiwu a zauna a ofis a tsara wa jama'a yadda za su zauna da juna daki-daki ba.

Wanda ya ɗauki wannan ra'ayi da gaske shi ne Pavel Curtis, mai bincike a cibiyar Xerox PARC da ke Kalifoniya, wanda ya kafa LambdaMOO a 1990. Wuri ne na rubutu da aka siffanta shi kamar wani katafaren gida mai ɗakuna da yawa. Da ƙorafe-ƙorafe suka ishe shi, a ƙarshen 1992 ya sanar cewa shi da sauran masu kula da wurin sun cire hannunsu daga sasanta rigingimu, aikinsu gyaran na'ura ne kawai, jama'a su ji da kansu. Ba a yi wata huɗu ba aka jarraba wannan mataki. A watan Maris na 1993 wani mai laƙabin Mr. Bungle ya yi amfani da wata dabara da ke sa rubutu ya fito kamar daga bakin wani, ya tilasta wa surorin wasu 'yan wasa aikata abubuwan batsa da ƙasƙanci a tsakiyar falon gidan, kowa na karantawa. Babu wanda ya taɓa jikin kowa, amma waɗanda aka yi wa sun ji ciwon a ransu. Aka kira taro, aka shafe sa'o'i ana muhawara ba a cimma matsaya ba. Daga ƙarshe ɗaya daga cikin masu kula da wurin ya yi gaban kansa ya share asusun Mr. Bungle. Ɗan jarida Julian Dibbell ya ba da labarin a jaridar Village Voice a watan Disamba na shekarar, kuma har yanzu ana karantar da rubutun a jami'o'i.

Bayan haka aka kafa tsarin koke da ƙuri'a a LambdaMOO. Mr. Bungle kuwa ya dawo da sabon suna. A 1996 masu kula da wurin suka sanar cewa sun karɓe ikon yanke hukunci da suka ajiye.

Ultima Online ta maimaita wannan tafiya, amma a wannan karon da kuɗi a tsakani, domin kowane ɗan wasa yana biyan kuɗin wata. Masu tsara wasan, ciki har da Raph Koster, sun yi fatan jama'a za su hukunta miyagu da kansu. Abin da ya faru shi ne, gungun makasa suka riƙa tare hanya a bayan gari, su kashe sabon shiga da ya yini yana haƙar ma'adini, su kwashe kayansa. Aka sa sunan mai yawan kisa ya koma ja domin kowa ya gane shi, aka buɗe hanyar sanya lada a kan kansa. Wasu suka mayar da jan sunan abin alfahari, wasu suka riƙa sa abokansu su kashe su a raba ladan. Sababbin 'yan wasa suka yi ta ficewa, ga kuma EverQuest da ta fito a 1999 inda a yawancin zangunanta, wato kwafe-kwafen duniyar wasan da ake rarraba 'yan wasa a cikinsu, ba a kashe mutum sai da yardarsa. A 2000 kamfanin ya raba duniyar gida biyu: Felucca mai tsohuwar doka, da Trammel inda ba a kai wa kowa hari ba da izininsa ba. Jama'a suka kwarara Trammel. Tsofaffin 'yan wasan na jayayya a kan wannan mataki har gobe, amma ƙafafun mutane sun nuna inda suka fi so.

World of Warcraft, wadda kamfanin Blizzard ya fitar a Nuwamba 2004, ita ce ta kai irin wannan wasa ga miliyoyi, har ta kai masu biyan kuɗi miliyan 12 a 2010. A shekarunta na farko kowane ɗan wasa yana zaune ne a zango guda tare da 'yan dubban mutane, kuma su ne zai riƙa gani kullum. Babu yadda za a ci manyan dodanni sai an haɗa ƙungiya, wani lokaci ta mutum 40. Wanda ya wawure ganimar da ba tasa ba, ko ya cika baƙar magana, sunansa zai zagaya, ƙungiyoyi su daina ɗaukarsa. Abin ya yi kama da majalisar dara a gindin bishiya, inda ake ba'a da gatse son rai amma kowa ya san iyakarsa, saboda an san gidan kowa kuma gobe ma nan za a hallara.

Wannan bai sa wurin ya zama aljanna ba. A 2006 wasu 'yan wasa suka shirya taron juyayi a cikin wasan domin wata abokiyarsu da ta rasu a zahiri. Suka sanar da wuri da lokaci, suka roƙi a bar su su yi cikin natsuwa. Wata ƙungiya mai suna Serenity Now ta auka musu suna jere a layi, ta karkashe surorinsu, ta ɗauki bidiyo ta watsa. Babu dokar wasan da suka karya, domin yankin na yaƙi ne. Wannan hujja ta cewa doka ba ta hana ba ita ce mafakar marasa kunya a kowane zamani na wannan tarihi, kuma ba ta taɓa wanke kowa ba.

A Disamba 2009 Blizzard ta kawo wani sauƙi da kowa ya yi maraba da shi. Maimakon mutum ya yi ta cigiyar abokan tafiya, sai ya danna maɓalli na'ura ta haɗa shi da mutum huɗu daga wasu zanguna. Jira ya ragu ƙwarai. Amma waɗannan huɗun baƙi ne da ba zai ƙara gani ba, don haka babu sunan da zai ɓaci. 'Yan wasa da yawa sun koka cewa daga nan gaisuwa ta ragu, haƙuri da mai koyo ya yi ƙaranci. Lokacin da kamfanin ya dawo da tsohon tsarin wasan a Agusta 2019 da sunan Classic, an ga hotunan 'yan wasa sun yi dogon layi a wasu zanguna, kowa na jiran a zo kansa kafin ya kashe dodon da ake buƙata, ba tare da wani ya umarce su ba.

A ɓangaren na'urorin wasa na gida, murya ce ta sauya komai. Microsoft ya buɗe Xbox Live a Nuwamba 2002, ya haɗa da na'urar kunne mai makirufo a cikin kwalin. Da Halo 2 ta fito a 2004 da tsarin haɗa baƙi kai tsaye, sai ga yaro ɗan shekara goma sha biyu da magidanci a fili guda, kowa na jin kowa. Murya tana tona abin da rubutu ke rufewa: mace ce ko namiji, daga wace ƙasa, wane irin harshe. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Jeffrey Kuznekoff da Lindsey Rose, sun gwada wannan a Halo 3. Suka naɗi kalamai iri ɗaya marasa tsokana da muryar mace da ta namiji, suka riƙa kunnawa a wasa. Sakamakon da suka wallafa ya nuna muryar macen ta jawo munanan martani kusan ninki uku na ta namijin. Abin da ya sa mata da yawa suke kashe makirufo ke nan, alhali a wasan ƙungiya rashin magana yana jawo faɗuwa.

An daɗe ana zaton ɓoye suna ne tushen cutar. A Yuli 2010 Blizzard ta ce za ta tilasta amfani da sunan gaskiya a dandalin tattaunawar 'yan wasanta. Masu adawa, musamman mata, suka ce wannan miƙa su ne ga masu bibiya, kuma cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye. Koriya ta Kudu ta gwada abin a matakin ƙasa, da dokar da ta fara aiki a 2007 wadda ta wajabta tantance sunan mai sharhi a manyan shafuka. A 2012 kotun tsarin mulki ta soke ta. Abin lura shi ne, a Koriyar nan ce ladabin wasa ya kafu da ƙarfi a fagen StarCraft, inda al'ada ta tanadi wanda aka ci ya rubuta haruffa biyu, gg, na amincewa da shan kaye kafin ya fita. Fita ba tare da su ba abin kunya ne. Fage ne da aka riƙa nuna shi a talabijin, 'yan wasan sanannu ne, kuma za su sake karawa.

Babu kamfanin da ya zuba ƙarfi a wannan batu kamar Riot Games, mai League of Legends da ta fito a 2009. Tsarin wasan kansa mai tunzura zuciya ne: mutum biyar da ba su san juna ba, wasa na minti talatin ko arba'in, ba damar fita ba tare da hukunci ba, kuma kuskuren mutum ɗaya yana ƙara wa abokan gaba ƙarfi. A Mayu 2011 kamfanin ya buɗe Tribunal, wata kotu da gogaggun 'yan wasa ke karanta hirar wanda aka kai ƙara su jefa ƙuri'ar hukunci ko yafiya. Ya kuma ɗauki masana halayyar ɗan Adam ƙarƙashin jagorancin Jeffrey Lin. Abin da suka gano ya rushe zaton kowa. Masu mugun hali na dindindin kusan kashi 1 cikin 100 ne na 'yan wasa, kuma abin da suke haddasawa bai wuce kashi 5 cikin 100 na dukan ɓarnar ba. Mafi yawan sauran daga mutanen kirki yake fitowa, waɗanda ransu ya ɓaci a wannan rana. Ke nan ko da an kori miyagun duka, zagi ba zai ƙare ba.

Sai suka koma gyara wurin. Suka rufe hira tsakanin ƙungiyoyi biyu masu karawa, sai wanda ya ga dama ya buɗe, kuma suka ce munanan kalamai sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Suka lura cewa wanda aka dakatar ba tare da bayani ba yakan dawo da halinsa, amma idan aka nuna masa ainihin kalaman da ya rubuta, kuma aka yi hakan da wuri, da yawa sukan gyara. Hukuncin bai tsallake manya ba: a Disamba 2012 an dakatar da ƙwararren ɗan wasa IWillDominate daga gasa na shekara guda. Kotun kanta an rufe ta a 2014 saboda jinkirinta, na'ura ta gaje ta. Wajibi ne a faɗi cewa kamfanin bai tsira daga irin wannan cuta a cikin gidansa ba, domin a Disamba 2021 ya amince ya biya dala miliyan 100 don sasanta ƙarar nuna wa mata ma'aikata wariya.

Wasu kuma suka zaɓi su rage hanyar magana. Jenova Chen, wanda ya jagoranci ƙera Journey a 2012, ya ba da labarin yadda masu gwaji suka riƙa ture juna daga kan tudu a wasan da aka yi domin zumunci. Sai aka cire damar turewa, aka cire hira da sunaye, aka bar sauti guda na kira, kuma tsayawa kusa da juna yana ƙara wa kowa ƙarfi. 'Yan wasa suka riƙa jiran baƙon da ya makara a hanya. A Hearthstone kuwa, inda kalamai shida kacal aka yarda a aika wa abokin karawa, mutane sun mayar da na ban haƙuri abin tsokana, har kamfanin ya cire shi a 2016. Overwatch, wani wasan Blizzard, ta bi ta hanyar yabo: a 2018 ta ba 'yan wasa damar yaba wa wanda ya nuna hali nagari, kuma a shekarar da ta biyo Blizzard ta ce ɓarna ta ragu da kashi 40 cikin 100.

Duk mai cewa abin wasa ne kawai ya dubi abin da ya faru a Wichita, jihar Kansas, ranar 28 ga Disamba 2017. 'Yan wasa biyu suka yi faɗa a Call of Duty a kan cacar dala ɗaya da rabi. Ɗaya ya nemi wani mutum a Los Angeles ya kira 'yan sanda da rahoton ƙarya na kisa da garkuwa a gidan abokin faɗansa. Adireshin da aka bayar ba inda abokin faɗan yake zaune ba ne. 'Yan sanda suka kewaye gidan, wani magidanci ɗan shekara 28 da bai san komai game da rigimar ba ya fito ƙofa, aka harbe shi ya mutu. A Maris 2019 aka yanke wa mai kiran ɗaurin shekara 20.

Yau wannan duniya ta iso aljihun matasa a Kano, Kaduna, Maraɗi da Damagaram ta wayar hannu, a PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile. Wanda ya saba da gidan gem na unguwa, inda abokin karawarsa ke zaune kusa da shi a benci guda kuma mai shago na iya korar duk wanda ya wuce gona da iri, yanzu na'ura ce ke jefa shi cikin baƙi daga wasu nahiyoyi, wasan ya ƙare cikin minti ashirin kowa ya watse.

Sabon mai gadin da kamfanoni suka ɗauka shi ma na'ura ce. A Agusta 2023 Activision ya fara gwada ToxMod, manhajar kamfanin Modulate da ke sauraron muryoyin 'yan Call of Duty tana tsamo cin zarafi, ta miƙa wa kamfanin ya yanke hukunci. A farkon 2024 kamfanin ya ce an ɗauki mataki a kan asusu sama da miliyan 2, kuma a cikin abin da manhajar ta kama, kusan ɗaya cikin biyar ne kawai wani ɗan wasa ya kai ƙara. Da Turanci kaɗai tsarin ya fara aiki, daga baya aka ƙara Sifaniyanci da harshen Fotugal.